Filin da Kawu Ya Hana Mu

Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Litinin da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da maza suka dawo daga maƙabarta gidanmu na unguwar Nima ya cika, takalma sun taru a bakin zaure har sun gangara lungu. Ina zaune gefen Mma, mahaifiyata, muna amsa gaisuwa, ina sauraron abin da ake faɗa a kansa, har na soma tunanin ko wasu ɓatan gida suka yi.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne mai ba da hayar kanofi, rumfunan nan na ƙarfe da tamfol da ake kafawa a biki da suna da addu'ar mamaci. Shekara da shekaru Kawu yana korar wannan mutum daga filin ƙwallon unguwa, sau ɗaya har da bokitin toka ya bi shi. Amma ga shi durƙushe gaban Mma yana share ido da hularsa, yana kiran Kawu Baba kamar yadda duk unguwa ke kiransa.

"Hajiya, mun yi rashi paa, babban rashi. Ni da Baba ko sau ɗaya ba mu taɓa saɓawa ba."

Mma ta dube shi ta saman tabarau. "Allah ya ba da lada," ta ce, ta juya ga na bayansa.

Ɗan majalisar unguwa, wanda muka zaɓa ya wakilce mu a Asambili, wato ƙaramar hukumarmu, ya zo cikin farar shadda da mutum biyu a bayansa. Ya ce za a sa wa filin sunan marigayi, za a yi fenti, za a kafa fitilu. Fitilun nan tun ina firamare ake kafa su da baki. Tsofaffin da ke buga dara a gindin darbejiyar filin suka ce ba su taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba, alhali makon da ya wuce ya ƙwace musu benci saboda sun zubar da ɓawon lemo. Matar da ke sayar da waakye, dafaffiyar shinkafa da wake, a bakin titi ce kaɗai ta faɗi maganar da na yarda da ita. Ta tsaya daga ƙofa, zaninta na warin hayaƙi, ta ce, "To yanzu wa zai kwashe mini toka?" Sai ta fashe da kuka. Da tokar murhunta yake zana layukan fili.

Mma ba ta yi kuka ba. Da mutane suka ragu ta cire tabarau, ta ce kamar da kanta take magana, "Ya tafi bai ba ni haƙuri ba."

Ina rubuta wannan ne don kada yabon ranar nan ya shafe mutumin. Kawu ba shi da haƙuri. Mutum ne mai wuyar zama, mai naci, wanda ya gajiyar da danginsa da maƙwabtansa da hukuma a kan wani jan fili da ko ciyawa ba ta fitowa a kansa. Haka nake so a tuna da shi.

Wanda bai san Nima ba zai yi mamakin mutum ya ƙarar da rayuwarsa a kan fili. A nan gida yana jingine da gida, wani lungun mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. In aka buga ƙwallo, ko ta faɗa kwata ko ta faɗa tukunyar wata. Filinmu shi ne wuri ɗaya a ɓangarenmu da za ka tsaya ka ga sama daga gabas har yamma, ba waya, ba kwano. Na Asambili ne, a takarda an rubuta shi filin wasa da shaƙatawa. Amma Asambili ba ta ajiye masa mai gadi ba, ba mai shara, ba raga. Abin da take da shi mace ɗaya ce, 'yar ƙabilar Ga, mai kula da wasanni da al'adu, da teburinta da wata fanka da ba ta juyawa. Madam muke ce mata. Sauran aikin duk Kawu ne.

Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Tela ne, shagonsa na kallon filin. Wata rana, tun ba a haife ni ba, ya ga babbar mota ta juye yashi a tsakiyar fili, washegari ta kawo bulo. Ya tashi daga kan keken ɗinki ya tafi ofis, kuma tun daga ranar bai daina zuwa ba. Shugabanni sun zo sun tafi. Madam da kanta tana cewa ranar da ta kama aiki abu uku ta gada: tebur, fanka, da Baba. Ya samo izini ya ɗaura sarƙa a mashigar motoci, ya sa kwaɗo, makullin na rataye a wuyansa tare da usur. Ragar gola tsohon tarun masunta ne da ya roƙo a bakin teku ya ɗinke da hannunsa. In rana ta yi zafi, mai tsaron gida da ƙarnin kifi yake komawa wurin uwarsa.

A jikin bangon shagonsa ya shafa baƙin fenti ya yi allo, ya raba kwana bakwai da alli. Bayan asuba na mata masu motsa jiki ne. Yamma ta samari ce, ƙungiya-ƙungiya. Asabar bayan la'asar ta masu ganga da rawar gargajiya, kowace ƙabila da makonta, Dagomba, Zabarmawa, Kotokoli, Mosi. Lahadi da safe ta 'yan mata. Duk wanda ya zo da buƙata ko ƙorafi amsarsa ɗaya ce. Ba ya ɗaga kai daga ɗinki, da almakashi yake nuni: "Duba allo." Sarakunan ƙabilu sun ji wannan amsa, liman ya ji ta. Matarsa ta taɓa tambayarsa ko zai raka ta asibiti ranar Laraba. Ba sai na faɗi abin da ya ce mata ba.

Doka ɗaya ce ba ta cikin allo, don kowa ya haddace ta: ba a kafa kanofi a filin. A Zongo, wato unguwa irin tamu, ba makon da ba a biki ko suna ko addu'a, kuma kowa na ganin wannan shimfiɗaɗɗen wuri yana zaune a banza yayin da baƙinsa ke matse a lungu. Sun zo da roƙo, sun zo da dattawa, sun zo da goro. Kawu yakan ce, "Kanofi ba ya zuwa shi kaɗai. Yau na addu'a, gobe na aure, jibi mota ta kwana, gata kwantena." Ni ma na ɗauka taurin kai ne kawai, sai da na ji daga bakin Madam. Ta ce a kowane zama akwai masu son a mai da wurin tashar mota, kuma hujjarta ɗaya ce a kansu: filin wasa ne, ana wasa a cikinsa kullum, ba a wani abu. "Hoto ɗaya na kanofi ya ishe su," ta ce. "Za su ce ai tuni mutanen sun mai da shi wurin taro."

Tun ina sakandare na zama magatakardarsa, don ni ce mai Turanci a gida. Ba a nemi ra'ayina ba. Zai leƙo ɗakinmu ya ce, "Ɗiyata, ɗauko biro." Na taɓa rubuta wa Asambili wata wasiƙa da nake alfahari da ita. Na ce filin nan tagar unguwa ne, ta nan muke shaƙar sama. Na ce jar ƙasarsa ta san tafin ƙafar kowannenmu. Na fassara masa ina jiran yabo. Ya saurara har ƙarshe, allura a bakinsa.

"Ina kwata?"

"Wace kwata, Kawu?"

"Wadda ta toshe take zuba ruwa a golar yamma. Ita na aike ki."

"Ai zan zo kanta a shafi na biyu."

"Madam ba ta kaiwa shafi na biyu. Ki rubuta: kwata ta toshe. Ki sa kwanan wata. Taga kuma, in kin gama, buɗe ta ɗakin nan, zafi ya yi yawa."

Na yi kuka ranar. Wasiƙar kwata mun rubuta ta sau da yawa har hannuna ya haddace ta. Mu hau trotro, motar haya, mu kai, a ce mana ba a amince ba tukuna, ya ce zai jira. Ya zauna a bencin ofis ya ciro allura da zare, kafin a tashi ya ɗinke wa masinja maɓalli, ya rage wa direba tsawon wando. Ni ina gefe kunya kamar ta kashe ni. Amma ba da ƙorafi kaɗai yake zuwa ba. Yakan kai wa Madam sunayen ƙungiyoyi, da wace rana aka yi wasa, da waɗanne makaɗa za ta iya kira in hukuma na da taron al'adu. In aka shirya gasar Sallah shi ke raba faɗa, shi ke share fili. Madam ta taɓa ce mini a raɗa, rabin rahoton ofishinta daga bangon shagon tela take kwafo shi.

Safiyar Lahadi ta 'yan mata ma da faɗa ya samo ta. Samari sun yi fushi, don lokacinsu aka yanka. Wani malamin makarantar unguwa ya zo har shago.

"Baba, 'yan mata na guje-guje a fili, mutane na kallo?"

"Malam, Lahadi da safe kai ina kake?"

"Ina makaranta."

"To ba ka cikin masu kallo."

Malam bai ji daɗi ba, ni ma da ke zaune a wurin ban ji daɗi ba. Amma a makon nan Kawu ya ajiye ɗinkin mutane ya tara ƙyallayen da suka rage masa, ya ɗinka dogayen wanduna da ƙananan hijabai da ba sa tashi in ana gudu, kowanne da launinsa. Ƙungiyarmu ta fito kamar an zubar da kwandon zare. Ya aika wa malam da samfur ɗaya ya duba. Bayan wata biyu 'yar malam ce ke buga mana gaba.

Ni ya sa ni a gola. Jirage na saukowa ƙasa-ƙasa ta samanmu, ni kuwa ban taɓa iya barin jirgi ya wuce ban raka shi da ido ba. Ƙwallo ta uku da ta shige ta gefen ƙafata, ya busa usur ya ce a gaban kowa, "Ke ba 'yar ƙwallo ba ce. Fita." Na yi rantsuwa ba zan sake taka filin ba. Washegari zan wuce makaranta na ga sabon rubutu a kusurwar allo, can ƙasa: "Gindin darbejiya, kullum: mai littafi." Bai taɓa yi mini maganar ba. Amma duk ranar da 'yan dara suka ce in matsa da littafina, sai in ji murya daga shago: "Duba allo." Daga baya na gano ya sa Madam ta rubuta a rahoto cewa filin yana da wurin karatu. Ni ce wurin karatun.

Yanzu zan zo kan abin da Mma take nufi.

Shekara shida da suka wuce Kaka ta rasu, mahaifiyar Kawu da Mma da ƙanensu da muke kira Kawu Ƙarami. 'Yar kasuwar goro ce mai jama'a, za a zo mata addu'ar bakwai ranar Lahadi daga Kumasi da Tamale har Lome. Kowa ya ɗauka dokar ba za ta hau kan uwar mai doka ba. Mma har ta kira mai kanofi. Da ta je karɓar makulli ina bayanta.

"Yaya, uwarka ce."

"Na sani."

"Rana ɗaya. Rabin rana ma."

"In na buɗe wa uwata, da wane baki zan hana uwar wani?"

"Da bakin da ka saba. Ai bai taɓa gajiya ba."

Ya ɗora hannunsa a kan makullin wuyansa. Na yi ta addu'a a zuciyata kada ya faɗa. Ya faɗa.

"Lahadi da safe na 'yan mata ne. Duba allo."

Mma ta shiga gida ta ɗebo ruwa a bokiti ta watsa wa allon, kwana bakwai suka gangaro bango fari fat. Ya jira ya bushe, ya sake rubuta su daga kai, bai kuskure ko layi ɗaya ba.

A lungu aka yi wa Kaka addu'a, kuma ranar aka yi ruwa. Kwata ta cika ta tumbatsa. Malamai suna karatu suna tattare riguna. Ana miƙa shinkafa ta saman kawunan mutane. Baƙin Kumasi suka jeru a ƙarƙashin bakin kwano kamar masu jiran mota, kuma daga inda suke tsaye suna hango fili wayam, ba kowa sai 'yan mata da ke tsalle suna tafa ampe a cikin ruwa. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa ranar ba. Mma ta shekara ba ta yi masa magana. Daga baya gaisuwa ta dawo, hira ta dawo, amma ranar nan ba wanda ya sake ambatar ta.

Akwai abin da na gani ban faɗa ba. Kwana biyu kafin addu'ar, shi ya yi ta ɗauko katako a kafaɗa yana rufe bakin kwata, shi ya bi maƙwabta gida-gida yana roƙon su buɗe tsakar gidajensu ga baƙi. Bayan an watse na je mayar masa da kujera, na tarar ya saki labule, keken ɗinki na ta gudu. Na leƙa. Ba ƙyalle a ƙarƙashin allurar. Yana taka keken ne don kada a ji kukansa.

To wannan mutumin ne ya rasu ranar Litinin, kuma bakwai ɗinsa ta faɗo Lahadi.

Ranar Talata dangi suka zauna. Kawu Ƙarami, wanda ya taho daga gidansa na unguwar Malam, shi ne babban namiji yanzu. Ya ce ba wurin da ya dace da addu'ar yayansa kamar filin da ya yi wa bauta. Kowa ya ce haka ne. Ɗan majalisa ya ce zai yi jawabi. Mai kanofi ya ce kyauta zai kafa, guda nawa ake so. Na duba fuskokinsu ina jiran wani ya yi dariya. Ba wanda ya yi. Da zuciya ɗaya suke son girmama shi, kuma hanyar da suka samo ita ce su yi masa abin da ya ƙarar da ransa yana hanawa.

Makullin yana wurina. Matarsa, da ke cikin takaba, ta kira ni ɗakinta ta zura mini igiyar a hannu, makulli da usur. "Ya ce a ba mai littafi," ta ce. Ban san abin da na yi masa ba da zai bar mini wannan.

Ranar Laraba Madam ta zo gaisuwa. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ciro ambulan daga jaka, ta kasa haɗa ido da ni. Sunan Kawu ne a kai. Ana gayyatarsa zama a kan gyaran kwata. Ranar Litinin aka sa hannu. Na riƙe takardar na rasa ko in yi dariya ko in yaga ta.

"Na ji maganar Lahadi," ta ce. "Ba zan iya zuwa gidan mutuwa in hana addu'a ba. Amma in kanofi ya hau filin nan, kuma a ce iyalan Baba ne suka kafa, ba ni da sauran abin faɗa a zama. Kin gane?"

Na gane. Na je wurin Kawu Ƙarami da jawabin da na shirya tun a hanya, mai daɗi, mai ladabi.

"Ɗiyata," ya ce, "so kike a ce mun yi wa yayana addu'a a bakin kwata? Mutumin da duk unguwa ta sani?"

"Kawu, shi ne ba zai so ba."

"Shi yanzu addu'a yake so. Fili na masu rai ne, kuma masu rai sun yarda."

Ranar Asabar bayan la'asar, a gaban dattawa, Kawu Ƙarami ya miƙo mini hannu. Ni ban iya cewa a'a ga babba ba, ban taɓa iyawa ba. Na kwance makullin daga igiya na sa masa a tafi. Na waiwaya wurin Mma. Tana tsintar shinkafa a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba. Na ce a raina, ai ita daɗi za ta ji. Shekara shida tana jiran ta ga kanofi a filin nan.

Lahadi bayan asuba na ji ƙarar aboboya, kekunan kaya masu ƙafa uku, ƙarafuna na kaɗawa a bayansu. Na fito don in ga ɓarnar da na yi da idona. An buɗe kwaɗo, sarƙa na ƙasa. Amma aboboya ba su shiga ba. A tsakiyar mashigar Mma ce zaune a kan 'yar kujerar madafa, da mayafinta da carbinta, kamar nan aka haife ta.

"Hajiya, tashi su wuce," in ji Kawu Ƙarami.

"Ba za su wuce ba."

"Ke? Ke da kika shekara ba ki yi masa magana a kan filin nan?"

"Shi ya sa. Uwata a bakin kwata aka yi mata addu'a, malamai na tattare riguna. Shi wane ne da zai samu kanofi? Ya fi ta ne?"

"Haba Hajiya, mutum ya mutu, ba lokacin ramuwa ba ne."

"Kira shi abin da kake so." Ta ja carbi ɗaya. Da ta sake magana muryarta ta sauka. "Na sha kunyar ranar nan a gaban baƙi, ina shan ta har yau. Abin da ya sa na iya haɗiye ta shi ne bayan uwarmu bai buɗe wa kowa ba. In aka kafa masa yau, to a banza aka yi wa uwarmu abin da aka yi mata. Ba zan yarda ya zama a banza ba."

Mai kanofi ya matso yana murza hannu. "Hajiya, kyauta ne fa."

"Kai kyautarka lungu, in za ta shiga."

Ɗan majalisa ya ce ya riga ya shirya jawabi. Ta ce ya yi shi a tsaye, zai fi gajarta. Kawu Ƙarami ya buɗe baki zai sake magana, sai ta ɗaga carbin ta yi nuni da bangon shagon da ke rufe. Rubutun Kawu na nan, ba wanda ya goge.

"Yau wace rana? Duba allo."

Kawu Ƙarami ya daɗe yana kallon bangon. Sai ya sunkuya ya ɗauki sarƙar daga ƙasa, ya ce wa masu aboboya su juya.

Amma fili wayam yake. An gaya wa 'yan mata ba wasa yau, duk suna gidanmu suna wanke kwanuka. Mma ta waiwayo ta same ni a bayan mutane.

"Ke, mai littafi. Usur ɗin ma kin ba shi?"

"A'a, Mma."

"To jirgi kike jira?"

Na busa. Ban taɓa busawa ba, ƙarar ta fito kamar kukan ɗan tsako. Mma ta yi tsaki. Na sake busawa da duk numfashina, sai ga su suna fitowa daga lungu da jiƙaƙƙun hannuwa, suna gyara hijabai. Mai waakye ba ta jira an aika mata ba, ta taho da bokitin toka a ka. Ni na zana layukan. Sun karkace, da Kawu ya gani da ya sa na share.

A lungu aka yi masa addu'a, a kan katakan da ya shimfiɗa wa Kaka. Ba a yi ruwa ba, zafi aka yi, kowa na fifita da abin da ya samu, kowa na mita. Liman na karatu, daga can ana jin dukan ƙwallo da ihun 'yan mata. Ana tsakiyar salati ƙwallo ta tsallako katanga ta faɗo gaban malamai. Malamin nan da ya taɓa zuwa shago da ƙorafi ya ɗauke ta, bai katse salatinsa ba, ya jefa ta inda ta fito. Madam na tsaye a bakin fili da wayarta tana ɗaukar hoton wasan.

Da yamma Kawu Ƙarami ya mayar mini da makulli. Yanzu yana wuyana tare da usur, yana sosa mini fata. Ban roƙa ba, ban iya ba, kuma har yanzu jirgi ba ya wucewa ban kalle shi ba. Shekaranjiya wata maƙwabciya ta tare ni a kan auren 'yarta. Na yi mata bayani mai tsawo, mai taushi, har da tarihin unguwa. Ta ce ba ta gane ba, a'a ne ko i? Na ji hannuna ya ɗaga da kansa yana nuna bango. Zaman kwata ranar Alhamis ne, da sunansa a kan takardar, ni zan je. Na rubuta abin da zan miƙa musu, layi ɗaya da kwanan wata.

Allah ya jiƙan Kawu. Allah ya yafe masa zafin bakinsa, ya ba shi ladan kowace ƙafa da ta yi gudu a wurin da, ba don shi ba, da yanzu motoci ne ke kwana. Ya yalwata masa makwancinsa, ya ba shi a can fili mai faɗi, mai ciyawa, wanda ba sai ya tsare shi ba.

Na karanta wa Mma wannan addu'a kafin in rufe littafi. Ta ce amin. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge su da bakin mayafi, ko da yake ba abin da ya same su.

"Ki ƙara ɗaya," ta ce. "Allah ya haɗa shi da uwarmu. Ya je ya yi mata bayani da bakinsa."